Gaiwa Tana Amsawa

Wawan wannan labari ni ne. Gara in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya wahala yana nemansa. In ana son kamanninsa, dogo ne siriri, da rawani wanda ya fi kansa girma, yana tafe yana duban sama kamar ya ba taurari ajiya. Yau rawanin ya zama tsumma, sirantar ce kawai ta rage.

An haife ni a wani tsibiri cikin fadamar da ke gabas da Hadejia, tsakanin Kirikasamma da Baturiya. Na ce tsibiri, amma rabin shekara yake amsa sunan. Da rani tudu ne mai goruba, ana zuwa da ƙafa, Fulani ma su kawo shanu su yi kiwo a gindinmu. In ruwa ya taho daga yamma a ƙarshen damina sai ya kewaye mu, ba shiga ba fita sai a kan gora ko kwalekwale. Kakanninmu mahara suka guje wa suka hau wurin, don doki ba ya shiri da taɓo. Ba mu da ganuwa, ba mu da kasuwa. Abin da muke nuna wa baƙo shi ne maƙabarta. Tana gefen gabas inda ƙasa ta ɗan yi kwari, kuma daga mutumin farko da ya hau tudun har jaririn bara, duk suna nan kwance. Saboda kwarin ne aka kewaye ta da jinga, tarin ƙasa mai kai wa ƙugun mutum. Kowace shekara kafin ruwa ya iso, Bulama zai yi shela, kowane gida ya kai kwandunan ƙasa a ƙara mata. Wanda ya ƙi zuwa gayyar noma ana iya ƙyale shi. Wanda ya ƙi kai ƙasar jinga, ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Batun ilimina kuwa, ga yadda yake. Ina saurayi aka tura ni birni wurin wani Goni. Na kai rabin Alƙur'ani, sai Goni ya lura bakina ya fi kaina sauri, ya sa mini albarka, ya nuna mini hanyar gida. Amma kafin in taho na yi tsince-tsince a bakin zaure, inda manya ke karanta littattafan taurari da na halittu: nan kalma, can rabin bayani. Da su na dawo tsibiri na baza koli. Mutanenmu suka sa mini Malam. Sai da furfura ta fito mini na lura da yadda suke jan sunan, wai "Maaalam".

Matata 'yar masunta ce, gajera, mai yawan dariya, kuma duk tsibirin ba wanda ya kai ta iya haƙar gaiwa. Mutanen tudu ba su san gaiwa ba sai a miya, don haka bari in yi abin da na fi iyawa, wato bayani. Kifi ce doguwa mai santsi. In fadama ta fara janyewa, sauran kifaye suka bi ruwa, ita sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi har ya bushe kamar fata, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Ƙasa ta bushe ta tsattsage a kanta, shanu su bi su taka, tana ciki. Sai kogi ya dawo ya kwanta a wurin, laka ta yi laushi, sannan ta farka ta fito a rame, da yunwa.

Matanmu ba sa jiran ta fito. Da rani sai su ɗauki ƙwarya da fartanya su shiga busasshiyar fadama. A kife ƙwarya a ƙasa, a riƙa ƙwanƙwasa ta da 'yan yatsu kamar yayyafin farko, sannan a sa kunne. Gaiwa in ta ji sai ta zaci ruwa ne, ta yi ɗan gurnani daga ciki. Nan za a haƙa, a ɗauko ta da curin ƙasarta, a ajiye a inuwa sai ranar da ake son miya.

Muna da 'ya ɗaya, a lokacin tana famfara. Ba zan rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunan da baki ba, ba zan fara da alƙalami ba. "Ke" nake ce mata. Kunyar ɗan fari ta hana ni in ɗauke ta, ta hana ni in zaunar da ita a cinya gaban mutane. Ƙofa biyu ta bar mini zuwa wurinta, tsokana da wa'azi, ni kuwa na shige su da rawanina.

Sai surukata, uwar matata, wadda dangar kara ce kawai ta raba gidanmu da nata. Tun ranar da na auri 'yarta ba ta taɓa duban fuskata ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta fuskanci turmi, ko kaza, ko danga, ta ce, "A gaya wa Malam tuwo ya sauka." Ni kuma in fuskanci goruba in ce, "A gaya wa Iya an gode." Turmin nan ya isar da saƙonni da yawa, bai taɓa ƙara ko kalma ba.

Wata rana da rani matata ta dawo da curi babba. Na tare ta a tsakar gida, na karɓe, na sa a kasko, na cika shi da ruwa.

"Ke, zo ki ga ilimi," na ce da yarinyar. "Mene ne wannan?"

"Ƙasa."

"Kin faɗi. Haka uwarki ma za ta ce."

Matata tana wanke ƙafa ta ce, "Malam, miyar dare kake yi wa karatu fa."

Muka zauna muna kallo. Curin ya jiƙe, ya fara zubewa. Can sai wani abu baƙi ya motsa, ya miƙe, ya kaɗa wutsiya har ruwa ya fantsamo mana. Yarinyar ta yi ƙara ta faɗa bayan uwarta, sannan ta leƙo.

Na gyara rawani. "Kin gani? Haka Ubangiji zai yi da mutane. A sa mutum a ƙasa ya yi barcinsa, in ruwa ya zo ya tashi."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"Har Kaka mai sanda?" Mijin Iya take nufi, wanda ya rasu tana rarrafe, labarinsa kawai ta sani.

"Har shi, da sandarsa, da faɗansa."

"Da yunwa zai fito?"

"Yunwa kai! Sai an ɓoye rumbu."

Matata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ni dai in ruwan ya zo a bar ni in ƙara barci, na gaji."

Maganar da na yi ba ƙarya ba ce, na ji ta a zauren Goni. Sai dai akwai sauranta: ruwan da ake nufi na ƙarshen duniya ne, kuma ba wanda ya san ranarsa. Wannan ɓangaren bai da motsi a kasko, don haka na bar shi.

Bazarar shekarar ta zo da masassara. Ta shiga gida-gida, ta ɗauki tsofaffi, ta ɗauki jarirai, a gidanmu ta ɗauki wadda ta fi kowa ƙarfi. Ba ta daɗe a kwance ba. Ranar da ta cika, curin da ta haƙo na ƙarshe yana nan a inuwar rumbu. Maza muka kai ta, muka jera itace, muka rufe, muka kife fasasshiyar tukunya a wajen kai, yadda muke yi don a gane wuri. Ba wanda ya ce wa yarinyar komai. A wurinmu ba a yi wa yara bayanin mutuwa, a bar su su tsinta. Ta koma ɗakin Iya da kwana. Ba ta yi kuka ba, mata suna ta cewa yarinya mai dangana. Ni kuma in ce, "Tarbiyya ce." Har da gyaran murya.

Ni ma ban yi kuka ba, Malam ne ni. Na shiga lissafin taurari kamar mai shiga ɗaki ya ja ƙofa. In na tuna da ita sai in kama wani in gaya masa ranar da ruwa zai sauka. Mutane suka riƙa canza hanya in sun hango ni.

Wata safiya na bi ta gefen jinga, sai na ji ana ƙwanƙwasa. Na leƙa. Yarinyar ce a cikin maƙabarta, durƙushe, ta kife ƙwaryar uwarta a ƙasa tana buga ta da 'yan yatsu. Ta tsaya, ta sa kunne. Ta sake bugawa. Ban dubi tukunyar da ke kusa da gwiwarta ba. Ƙwarya na gani, na ga 'yar mai haƙar gaiwa, na haɗa lissafina.

"Ke, mata ba sa shiga nan. Me kike nema?"

Ta ɗago, ƙasa a kuncinta. "Ba ta amsa ba."

"Wadda ta yi nisa a ƙasa ba ta amsa wa ƙwarya," na ce. "Ƙwarya ruɗi ce. Sai ruwa na gaske."

Ni kifi nake nufi. Harshenmu ne bai raba ba: gaiwa "ta", uwa ma "ta". Da kifin nan namiji ne, da wataƙila ba ni da labarin da zan rubuta.

"Yaushe ruwa zai zo?"

Allah Sarki, an tambayi Malam abin da yake mutuwar son a tambaye shi. Na zauna a kan jinga na jero mata taurarin damina, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ban tabbatar da sunansa ba. Ta saurara ba ta ko ƙifta ido. Ban taɓa samun ɗalibi irinta ba. Daga ranar, kullum da safe sai ta tsaya a bakin danga ta ce, "Baba, tauraron ya zo?" Ni kuma in fita majalisa in ce yarinyar nan kaina ta ɗauko.

Shamuwa ta iso, gajimare ya haɗu, aka yi ruwan fari. Yara suna tsalle a tsakar gida, ita kuwa ta fita da gudu. Ta dawo a jiƙe, tana rawar ɗari, ta tsaya gabana.

"An yi ruwa, ba ta fito ba."

"Ruwan sama ai wasa ne a wurinta. Sai kogi ya zo ya kwanta a kanta. Kuma in a inda na gan ki ne kike jira, kin yi aikin banza, kogi ba ya shiga can."

"Me ya hana shi?"

"Jinga mana."

"Jinga ce ta hana?"

"Ita ce."

Ta gyaɗa kai ta tafi. Na bi ta da kallo ina jin daɗin yadda take kama karatu.

Da Bulama ya yi shelar ƙasar jinga, har yara kan ɗauki ɗan ƙoƙo su bi layi. Ita ta ƙi. Iya ta yi lallashi, ta yi faɗa, yarinya ta sa hannu a baya ta kafe. Na ji Iya tana ce wa turmi, "A gaya wa Malam 'yarsa ba ta cin abinci, kuma ta ƙi ɗaukar ƙasa." Na ce wa goruba, "A gaya wa Iya 'ya'yan malamai ba sa dako." Majalisa ta yi dariya. Rabin farko na saƙon ban ma amsa shi ba.

Ruwan shekarar ya zo da ƙarfi. Kullum mu kafa kara a bakin gaɓa, kullum ya shanye shi. Gonakin shinkafa suka nutse, bado ya rufe inda muke tafiya da ƙafa, har ruwa ya zo ya jingina da jinga, saura kaɗan ya kai bakinta. Aka sa samari gadi. Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, an kira azahar, samarin suka ce bari su yi salla su ɗan sa wani abu a ciki. Muna cikin sallama muka ji wata mata tana kururuwa daga gabas.

An ce da fartanyar uwarta yarinyar ta fasa jingar. 'Yar hanya ta buɗe, irin wadda ake yi wa albasa a lambu, faɗin tafin hannu. Ruwa ba ya buƙatar fiye da haka. Kafin mu iso hanyar ta kai faɗin ƙofa, ƙasa tana ɓantarewa gefe da gefe. Muka jefa zana, muka jefa kaba, muka jefa kwanduna da ƙasarsu. Wasu suka shiga suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna tare ruwa da ƙirji. Ya bi ta tsakanin ƙafafunsu. Ina kallo tukwanen nan da aka kife suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga na bakin kwari zuwa na sama. Wani tsoho yana ta nuna wuri yana cewa, "Nan ne babana, ku riƙe wurin da ido, nan ne." Can ya sauke hannu, don ko'ina ya zama iri ɗaya. Bulama ya cire hula ya zauna a taɓo.

Yarinyar tana tsaye a kan guntun jingar da ya rage. A hannunta ƙoƙon fura rufe da faifai. A kafaɗarta zanen saƙi na uwarta, wanda duk tsibirin an san shi. Wani ƙato ya nufe ta ya ɗaga hannu, ya ga zanen, ya ga ƙoƙon, hannun ya sauko da kansa.

Na isa wurinta, ban san me zan ce ba, amma na buɗe baki, don haka na saba.

"Baba, yi shiru," ta ce, idonta a kan ruwa. "Za ka firgita ta."

A nan ne "ta" ɗin ya faɗo mini, tun daga safiyar ƙwarya har zuwa ranar.

Ba wanda ya iya janye ta. Muka tsaya tare da ita har rana ta yi ja. Ruwan ya daina gudu, ya kwanta lumui. Agwagin ruwa suka gano sabon wuri, suka sauko garke guda suna iyo a kan iyayenmu. Duk abin da ya motsa sai ta miƙa wuya. Kumfa ce, ko kara, ko ɗan kifi. Da hannunta ya gaji ta sauya ƙoƙon zuwa ɗayan, ba ta yarda ta ajiye ba. Daga ƙarshe Iya ta shigo ruwa har gwiwa, ta juya mata baya ta durƙusa. Yarinyar da ta wuce goyo ta hau, aka ɗaure ta da zanen.

Da kaka ruwa ya janye ya bar fili sumul, ba tudu ba tukunya. Tsofaffi suka ce ko ba a taɓa jingar ba, ruwan bana sai ya haye ta, kuma mai yiwuwa gaskiya ne, don ya ci wurare da dama da ba yarinya a cikinsu. Ba wanda ya taɓa goranta mata, ko sau ɗaya, wannan shaida zan yi wa mutanenmu har gaban Ubangiji. Amma da bazara ta zagayo Bulama bai yi shela ba. Ƙasar me za a kai? A ranin nan mata suka ce in ka bi ta wurin da sassafe kana jin gurnanin gaiwa a ƙasa, ba wadda ta kai fartanya. Daga nan gidaje suka fara tashi, wannan ya bi dangi Kirikasamma, wancan ya yi yamma wajen Miga, ni na ƙare a birni ina rubuta wa mutane laya. Yanzu in ka je, goruba ce da garken Fulani. Yarinyar tana nan da ranta, da jikokinta, a wani ƙauye kusa da Baturiya. Takan zo ta gaishe ni, ta kawo mini busasshen kifi, kowane iri ban da ɗaya. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Amma na tsallake yammacin ranar, kuma da gangan na yi.

Bayan magariba na je bakin dangar Iya. Yarinyar tana zaune a kan tabarma, an lulluɓe ta da zanen, ƙoƙon fura a gabanta har yanzu a rufe. Iya tana gefe ta ba ni baya. Na yi gyaran murya. Na ga ya kamata a gyara karatu, tun da an samu kuskure a wajen ɗalibi.

"Ke," na ce, "ruwan da na gaya miki ba wannan ba ne. Wani ruwa ne daban, na ranar ƙarshe. Shi ne zai tashe su."

Ta ce, "Gobe ne?"

"Ba wanda ya sani."

"Kai ma?"

"Ni ma."

Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba tun bazara. Ba ƙara, kafaɗunta ne kawai ke rawa a ƙarƙashin zanen. Na ji kamar in tsallake dangar in ɗauke ta, kunya ta tafi duk inda za ta. Maimakon haka sai na fuskanci goruba, don in wanke kaina.

"A gaya wa Iya," na ce, "ni ban san uwarta take nufi ba. Da ta faɗa mini a fili, ai da na yi mata bayani."

Iya ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta dubi turmi ba, ba ta dubi kaza ba. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni cikin ido, ranar na fara sanin kamannin fuskarta.

"Yau ba sai an gaya maka ba, ni zan gaya maka," ta ce. "Gaiwa tana ƙarƙashin ƙasa, ko kunne ba ta da shi, amma in an ƙwanƙwasa tana amsawa. Kai kana bisa ƙasa da kunnuwa biyu, yarinyar nan tun bazara take ƙwanƙwasawa."